Akuyar Sulhu a Duwatsun Hatta

Alhaji Mijinyawa ya shafe fiye da shekara ashirin yana zuwa Dubai, amma bai san cewa ƙasar tana da duwatsu ba sai da gwiwarsa ta gaza. Abin da ya sani shi ne Deira, inda yake sauka, da Ras Al Khor, inda yake zaɓen kayan gyaran mota ya cika kwantena ya aika Kano. A ƙarshen shekarar 2018 aka yi masa aikin gwiwa, likita ya hana shi doguwar tafiya har sai ƙafar ta yi ƙwari. Saboda haka aka ɗauke shi zuwa Hatta, wani gari da ke kwance a tsakanin duwatsun Hajar ta yamma, dab da iyakar Oman. A can ne babban ɗansa Ɗalhatu yake aikin gashin ƙashi a asibitin garin, yana zaune da matarsa Bilqis.

Alhaji ba ya faɗin sunan Ɗalhatu, domin ɗan fari ne. Haka ya tarar ana yi a gidansu. Mahaifinsa Malam Badaru ya rayu har ya koma ga Allah bai kira shi da sunansa a gaban mutane ba, kuma an ce kakansa ya fi haka tsanani, don shi ko kallon nasa ɗan farin ba ya yi idan akwai baƙo. Idan Alhaji yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa wannan yaron ana jin ƙishirwa," ko da kuwa daga shi sai yaron a ɗakin. Ba ya yabonsa, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. Wannan a wurinsa ita ce kunyar da ke nuna mutum ya fito daga gidan mutunci, kuma yana alfahari da cewa zamani ya kayar da ita a gidaje da yawa amma bai kayar da ita a nasa ba.

An umarce shi da tafiya kowace safiya. Sai ya riƙa bin wata tsohuwar magudanar ruwa da mutanen wurin ke kira falaj, wadda ke ɗauko ruwa daga cikin dutse ta raba wa gonakin dabino, kowace gona da lokacinta. A nan ya haɗu da wani dattijo ɗaure da zane a ƙugu, ƙafafunsa cikin ruwa, yana toshe wata kafa da dutse da tsumma yana buɗe wata. Alhaji ya yi sallama da Larabcin da ya koya a zaure, wanda kasuwar Deira ta ƙara wa gishiri. Dattijon ya fito, ya goge hannu, ya kama hannun Alhaji, ya tambaye shi labari.

"Labari sai alheri," in ji Alhaji.

Dattijon ya yi murna ƙwarai. Ya ce mutanen birni idan ka tambaye su labari sai su fara ba ka labarin, amma wanda aka rena da kyau ya san ana cewa babu komai tukuna, sai an sha gahawa. Sunansa Khalfan, amma ba mai kiransa haka. Bu Saif ake ce masa, wato uban Saif, domin a wurinsu ana girmama namiji ne da sunan babban ɗansa.

Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata bishiya da ya kira sidir, Alhaji ya ɗaga kai ya ga ashe kurna ce. Aka kawo gahawa da dabino. Da finjali ya zagaya, Bu Saif ya ce, "To, ya Hajji, ba zan kira dattijo kamarka da sunansa tsirara ba. Wa ka haifa, in kira ka da shi?"

Alhaji ya kurɓi gahawa, ya daɗe yana kallon ruwan da ke wucewa. Ya ce, "Akwai Nasir, yana Kano, shi ke riƙe da shagona. Yaro ne mai kai, ba a taɓa cutarsa a ciniki ba."

"Khalas, shi ke nan, kai ne Bu Nasir."

Alhaji bai gyara masa ba. A ganinsa bai yi ƙarya ba, Nasir ɗansa ne, na biyu dai.

Daga ranar tabarmar nan ta zama majalisarsa. Tsofaffin unguwar sukan taru bayan hantsi, kowa ya jingine sandarsa a jikin kurnar. Suka ba shi labarin lokacin da ake noman taba a kwarin, ana loda ta a jakuna zuwa bakin teku a dawo da busasshen kifi. Suka nuna masa hasumiyoyin da kakanninsu ke hawa su yi gadi, da kogunan da ake ciro zuma a bayan damina. Idan Juma'a ta zo, mutanen birni suka cika hanyar madatsar ruwa da kekuna, tsofaffin sukan zauna su ƙirga waɗanda za su faɗi. Shi kuma Alhaji ba a barinsa a baya. Duk abin da suka ce kakanninsu sun yi, sai ya kawo makamancinsa daga Kano, wanda ya girme shi da shekara ɗari. Bu Saif ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke da kaka a kan kowace magana ba irin Bu Nasir, Alhaji kuwa ya ɗauki wannan a matsayin yabo.

Wata safiya gwiwar ta kumbura, Alhaji ya kasa komawa gida da ƙafa. Aka buga waya, Ɗalhatu ya zo da mota. Yana shigowa gonar, Bu Saif ya miƙe da sauri, ya kira shi yadda Larabawa ke faɗin sunan Ɗalhatu.

"Talha! Wannan ai shi ya mayar mini da kafaɗata bara, bayan na faɗo daga dabino. Me ya kawo ka, habibi?"

"Na zo ɗaukar Baba ne," in ji Ɗalhatu. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar, ya ce, "Baba, sannu da jiki."

Alhaji ya dubi kan wani dabino ya ce, "Yauwa."

Bu Saif ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ya Bu Nasir, wannan ɗanka ne, ba ka taɓa faɗa ba? Wallahi hannunsa akwai albarka. Rabin tsofaffin garin nan da hannunsa suke tafiya."

"Yana dai taɓawa," in ji Alhaji.

Bu Saif ya juya wurin Ɗalhatu. "Kai da Nasir wane ne babba?"

"Ni ne, Ammi," in ji Ɗalhatu, yana kiransa baffa da Larabci.

Wani tsoho ya ajiye finjalinsa a hankali. Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya ƙi dafa kafaɗar da ɗansa ya miƙo masa saboda idon mutane, ya dogara da sanda har mota.

Bai san abin da ya bari a bayansa ba sai bayan kwanaki. Ya dai lura cewa Ɗalhatu yana dawowa daga aiki da wuri, kuma ba ya cin abinci sosai. Wata rana bayan la'asar Bilqis ta kawo masa shayi, ta ajiye, amma ba ta fita ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, a yi mini afuwa, akwai maganar da shi ba zai faɗa ba, ni kuma na kasa haɗiye ta."

"Ina jin ki, 'yata."

"Tsofaffin garin nan sun daina yarda ya taɓa su. Duk wanda aka rubuta masa sunansa sai ya ce a canza masa wani. Matar Bu Saif ta kira ni gefe jiya, har da hawayenta, tana tambayata abin da mijina ya yi wa mahaifinsa. Sun ce uban da ya tsallake babban ɗansa ya ɗauki sunan ƙarami, ba ya kallonsa, ba ya ambatonsa, to fushi yake da shi. Kuma sun ce hannun da uba ke fushi da shi ba ya warkar da kowa."

Alhaji ya ajiye kofin. "Fushi? Ni? Su ba su san kunya ba ne?"

"Irin tamu dai ba su san ta ba, Baba. Su a nan uba hancin ɗansa yake sumbata a tsakiyar kasuwa."

"A'uzu billahi."

"Shekara shida yana gina sunansa a garin nan," in ji ta, ta sunkuyar da kai. "Ni dai na faɗa."

Washegari Alhaji ya sa babbar riga, abin da bai taɓa yi ba don zuwa gona, ya tafi ya sami Bu Saif shi kaɗai. Ya yi masa bayani dalla-dalla, tun daga kakansa har zuwa kansa. Bu Saif ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya dafa masa gwiwa mai lafiyar.

"Ya Hajji, kai mutum ne mai sutura, kana rufa wa ɗanka asiri, Allah ya saka maka. Amma ni ma uba ne. Duk uban da ya yi fushi cewa yake ba komai."

"Na ce maka al'ada ce!"

"To faɗi sunansa in ji."

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe.

"Ka gani," in ji Bu Saif cikin tausayi. "A zamanin mahaifina an yi wani a bayan dutsen can, ubansa ya daina ambatonsa. Mutane suka ce ba ruwansu. Uban ya mutu a haka, ɗan kuma bai ƙara ɗaga kai a cikin mutane ba. Tun daga lokacin muka ce ba za a sake yin haka a kwarin nan muna kallo ba. Ranar Asabar da hantsi zan yanka akuya. Dattawa za su zo, baffana Sulaiman zai zauna a tsakani, shi ya yi mana limanci shekara da shekaru. Ɗanka zai sumbaci kanka, kai kuma ka kira shi da sunansa a gaban jama'a, ka sa masa albarka. Khalas."

"Ba a yin sulhu inda babu faɗa."

"In babu faɗa, ai ka ga an ci nama."

Alhaji ya koma gida ransa a jagule. Da yamma Ɗalhatu ya shigo yi masa gashi kamar kullum. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar mahaifinsa a cinyarsa, ya shafa mai, ya fara lanƙwasa gwiwar a hankali yana sakewa. Alhaji ya dubi tsakiyar kan da ke sunkuye a gabansa, ya ga furfura ta fara fitowa, abin da bai taɓa lura da shi ba, domin bai saba kallon wurin ba. Ya tuna cewa hannayen nan ne suka ɗauke shi zuwa banɗaki a makon farko bayan aiki, ba tare da sun bar shi ya ji nauyin abin ba.

Ya mayar da idonsa bango ya ce, "An ce wasu sun daina zuwa wurin wasu."

"Ba komai, Baba. Zai wuce."

"An ce kuma za a yanka akuya."

Hannun Ɗalhatu ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. "Na roƙi Bu Saif ya bari, ya ƙi. Baba, kada ka sa kanka abin da ba ka saba ba saboda ni. Ni na san babu komai tsakaninmu. In abin ya ƙi, sai in nemi canji zuwa cikin birni."

Alhaji ya san yaron yana son garin nan, ya ga yadda yake tsayawa a ƙofar gida da safe yana kallon duwatsu kafin ya shiga mota. Kwana biyu ya yi yana jujjuya maganar. Ya bi kakanninsa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya taɓa kiran ɗan farinsa a bainar jama'a, bai samu ba. Sai ranar Juma'a, yana dawowa daga masallaci, ya ga an ɗaure akuyar a ƙofar gidan Bu Saif, ga kwandunan dabino an jera. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya wuce gida da saurin da likita bai yarda da shi ba.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi har bakin falaj. Ƙamshin nama da shinkafa ya cika gonar. Mata suna can bayan katanga, Bilqis a cikinsu. Aka kawo Sulaiman, tsoho tukuf mai farin gemu, aka zaunar da shi a jikin kurnar. Ɗalhatu ya zauna a ƙarshen tabarma kamar wanda ake shirin yanke wa hukunci. Bayan gahawa Bu Saif ya yi jawabi a kan haƙƙin uba da haƙƙin ɗa, ya ce wa Ɗalhatu ya tashi. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Yaron nan ba zai nemi gafara ba, domin bai yi laifi ba. Tun da aka haife shi bai taɓa sa ni na kwana da ɓacin rai ba, kuma wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi a kansa, ku riƙe ta da kyau don ba za a ƙara ba."

Wasu suka yi murmushi. Ya gyara zaman rigarsa ya ci gaba.

"Kun ce in kira sunansa. A gidanmu ba a yi. Ubana bai yi ba, ubansa bai yi ba. Amma na bincika, na tarar akwai rana ɗaya da kowannensu ya faɗi sunan da bakinsa. Ranar da yaro ya kwana bakwai, ana tara dattawa da safe, a raba dabino, a yanka dabba. Uba ya matsa kusa da liman ya raɗa masa sunan a kunne, liman ya yi addu'a, a sanar wa jama'a. Ni ma haka na yi, sannan na gudu na ɓuya a shagon wani abokina har yamma. To yau ga dattawa, ga dabino, ga liman. Da rago ne da ya fi, amma malamai sun halatta akuya. Abin da aka yi sau ɗaya ana iya maimaita shi, ba a ce an kawo sabon abu ba."

Bu Saif ya shafa gemu. "Raɗa? Mu fa a fili muka ce."

"Liman zai faɗa a fili. Ni nawa raɗa ne."

Dattawa suka yi shawara da ido, suka yarda. Alhaji ya ja jiki zuwa wurin Sulaiman, ya kare bakinsa da hannun riga, ya raɗa.

Tsohon ya juyo ya dube shi. "Na'am?"

Alhaji ya sake raɗawa, da ɗan ƙarfi.

"Wannan kunnen ya mutu tun shekarar babbar ambaliya," in ji Bu Saif. "Zagaya ɗayan."

Alhaji ya zagaya da gwiwarsa mai ciwo, gumi yana tsattsafo masa. Ya sake faɗa. Sulaiman ya kafa hannu a bayan kunne ya ce, "Ya waladi, ɗana, kana magana ne ko kana hura mini iska? Yalla, ɗaga murya!"

Alhaji ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ya hango ɗansa a ƙarshen tabarma ya dunƙule hannu a cinya, yana girgiza masa kai alamar ya bari. Sai ya cika ƙirjinsa da iska, ya manna bakinsa a kunnen tsohon.

"Ɗalhatu! Sunansa Ɗalhatu! Ɗana ne na fari, Allah ya yi masa albarka!"

Muryar ta bugi dutsen da ke bayan gonar ta dawo. Awakin da ke maƙwabtaka suka ɗaga kai. Daga bayan katanga wata mata ta rangaɗa guɗa, kuma duk wanda ya san guɗar Kano ya san ta wace ce.

"Talha," in ji Sulaiman cikin natsuwa. "To me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu?" Ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha.

Bu Saif ya taso ya rungume Alhaji, ya goga hancinsa a nasa kafin Alhaji ya sami damar kaucewa. "Mabruk, ya Bu Talha! An haifa maka ɗa mai furfura!"

"Raɗa na yi," in ji Alhaji yana gyara hularsa. "Kowa shaida ne, a kunne na faɗa."

"A kunne ka faɗa, mutanen Oman ma sun shaida."

Aka kawo manyan faranti. Tun ba a fara ci ba, tsohon nan da ya ajiye finjalinsa ranar da Ɗalhatu ya zo ɗaukar mahaifinsa ya matsa kusa da Ɗalhatu, ya kama hannunsa ya ɗora a ƙugunsa, yana nuna masa inda ke yi masa ciwo tun makon jiya. Ɗalhatu yana latsawa yana amsa masa, amma fuskarsa tana gefe, yana ta goge ido da kafaɗa.

Alhaji ya ga haka, ya kawar da kai da sauri. Ya yagi tsoka mai laushi daga kafaɗar akuyar, ya ajiye a gefen farantin, ya tura wa Bu Saif.

"A miƙa wa wannan yaron," in ji shi, yana kallon kan dabino. "Kwana biyu ba ya cin abinci."